Me Ya Sa Hoton Majigi Yake Karkacewa?

Mu ɗalibai mun sha tambayar kanmu amfanin darasin kusurwa da siffofi, in ban da cin jarrabawa. Majigin da ake haska mana darasi ko wasan ƙwallo da shi ya ishe mu amsa.

Hasken majigi yana bazuwa ne yayin da yake tafiya. In muka ninka nisansa da bango sau 2, faɗin hoton zai ninku sau 2, tsayinsa ma haka. Filin da hasken ya rufe ya zama ninki 4 ke nan, shi ya sa hoton yake dusashewa. To, idan majigin yana kan tebur aka ɗaga bakinsa sama, hasken da ke zuwa saman bango ya fi na ƙasa yin tafiya mai nisa. Sai saman hoton ya fi ƙasansa faɗi, ya koma siffar da muke kira tirafiziyam a aji.

Masu ƙera majigi da lissafi suka magance wannan. Na'urar tana matse saman hoton tun kafin ta haska shi, daidai gwargwadon yadda bango zai buɗa shi. In bangon shafaffe ne, sanin inda kusurwoyi 4 na hoton suka faɗa ya isa a lissafa gyaran sauran. In kuwa lanƙwasasshe ne, sai a haska layukan raga, kyamara ta ɗauka, kwamfuta ta auna yadda kowane layi ya kauce. Dabarar ɗaya ce da ta tallan da ake shimfiɗawa a gefen ragar ƙwallo: a ƙasa yake kwance a karkace, amma a talabijin sai mu gan shi kamar a tsaye.

Sai dai gyaran yana da tsada. Hoto mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, in aka matse shi, wasu ɗigon sun tafi a banza, ƙananan rubutu su dushe, na bayan aji su kasa karantawa. Saboda haka, kafin mu taɓa maɓallin gyara, mu fara daidaita majigin ya fuskanci bango sosai. Wanda ya fahimci kusurwa a cikinmu shi zai iya wannan, ajin gaba ɗaya ya amfana.