Gwanin da ba ya so a san shi gwani ne

Duk wanda ya san Tsarnawa ya san mararrabarmu. A nan hanyar Tawa take rabuwa da babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram, ga kuma Birnin Ƙonni kusa da mu. Shi ya sa garin ba ya rabo da baƙi, musamman daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da albasa take kaka. Manyan motoci na jere ana yi musu lodi za su Kumasi da Abijan, direbobi da yaran mota da ƴan dako da dillalai kowa da ɗan abin da ya samu a aljihu. A irin wannan lokaci ne wata rumfar biliyar, wasan da maƙwabtanmu na ƙetaren iyaka ke kira sinuka, take cika maƙil da dare.

Wani uba ne ya sa na taka ƙafata can. Ya kawo mini ƙarar ɗansa, ɗan ajina, cewa ba ya shigowa gida sai dare ya raba. Na je neman yaron ban same shi ba, sai na tarar da wani tsohon ɗalibina riƙe da sanda. Shekara uku na koyar da shi, kuma a lissafi ban taɓa samun kamarsa ba. Ya bar karatu bai kai ga BEPC ba. Ba zan faɗi sunansa ba, don maganar tawa duk a kan suna take.

Ga iyayen da ba su taɓa leƙa irin wannan rumfa ba: tebur ne mai ramuka shida, da ƙwallaye goma sha biyar da farar ƙwallo ɗaya wadda ake zungura da sanda. Kowane ɗan wasa yana da nasa bakwai, in ya gama jefa su a rami sai ya nemi baƙar mai lamba 8. Wasa ne na ido da natsuwa da sanin kusurwa. Mai rumfa yana karɓar kuɗin tebur, wannan kasuwancinsa ne. Abin da ake ajiyewa a hannun wani na gefe kafin a fara, shi ne cacar.

A daren nan ɗalibina yana karawa da wani yaron mota, baƙo. Suka sa dala ɗari-ɗari, baƙo ya ci. Suka sake, ya sake ci. Suka sa jikka guda, nan ma baƙo ne. Ɗalibina yana ta dukan goshi, yana zagin sanda wai ta karkace. Ni kuwa sai gabana ya faɗi, domin na san shi: in abu ya gagare shi da gaske, shiru yake yi, ba ya ko ɗaga kai. Wannan hayaniya duk ta shiri ce. Baƙo da ya ji daɗin hannunsa, shi da bakinsa ya ce a sa jikka biyu. Ɗalibina ya ci da ƙyar, kamar sa'a ce ta taimake shi. Baƙo ya fusata ya ce jikka biyar. Aka cinye shi. Ya sake sa biyar. A wannan karon ko sau biyu bai taɓa farar ƙwallo ba aka share teburin. Ya fita da asarar jikka goma, wataƙila kuɗin abincinsa ne har ya kai inda za shi.

Mutum kusan ashirin ne a rumfar, kowa ya san abin da ake yi, ba wanda ya ce uffan. Wasu ma sun sa nasu kuɗin a gefe. Ni ma da nake tsaye, malamin makaranta, ban ce komai ba. Na ce wa kaina ba abin da ya kawo ni ke nan ba.

Washegari na tare shi a bakin hanya, na ce na ga abin da ya yi.

Ya yi dariya ya ce, “Mushe, ai ban tilasta shi ba. Shi ya yi ta ƙara kuɗin.”

Na ce, “Kai ka nuna masa ba ka iya ba.”

Ya ce, “To in na nuna masa na iya, zai zauna ne? A wannan harka, ranar da aka san ka ranar kasuwarka ta mutu.”

Ya warware mini yadda abin yake. A Tsarnawa babu mai sa kuɗi da shi, sai in ya yarda a ɗauke wa abokin karawarsa ƙwallo biyu ko uku tun kafin a fara. Don haka abincinsa yana wurin wanda bai san shi ba. Yakan je Ƙonni, ya je Galmi, ya je Malbaza ƙarshen wata lokacin da ma'aikata suka ɗauki albashi, wani lokaci ya ƙetara Illela ta Najeriya. Yakan sa tsohuwar riga, ya riƙe sanda kamar mai riƙe tabarya. Samarin unguwa sun taɓa haɗa gasa da sallah, har da ɗan kofi, ya ƙi shiga. Ya san shi zai ɗauka, kuma kofin zai kai sunansa garuruwan da yake ci a cikinsu.

Wannan magana ta daɗe tana yi mini yawo a kai. Maƙeri yana so a san ya iya ƙira, tela yana so a san ɗinkinsa, ni kaina ina jin daɗi in aka ce ajin wane ya yi ƙoƙari. Duk sana'ar da na sani, suna ne ke kawo ciniki. A nan kuwa suna ne ke korar ciniki. Ya zama ke nan yaro ya kwashe shekaru yana koyon abu biyu tare: yadda zai ƙware, da yadda zai yi ƙaryar bai ƙware ba. Na biyun nan shi ne ya fi damuna, fiye da jikka goman.

Kada mai karatu ya ɗauka ƴan caca ba su san mutunci ba. Suna da nasu. Ɗalibina ya buga ƙirji ya ce bai taɓa faɗuwa ya ƙi biya ba, ko da zai sayar da wayarsa. A rumfa, wanda ya gudu da kuɗi ko ya taɓa ƙwallo da hannu a ɓoye ya gama yawo, babu mai sake karawa da shi. Amma yaudarar baƙo, ita wayo ake ce mata. Amana ce da ta tsaya a bakin rumfa, ba ta shafi wanda ya sauko daga mota ba.

Da na matsa masa, sai ya ciro waya ya nuna mini wasan wani dattijo ɗan ƙasar Filifin, Efren Reyes, wanda da yawa ke ɗauka a matsayin gwanin gwanayen wannan wasa. Daga baya na bi labarinsa. Da wasan kuɗi ya tashi a Manila, har ya kai ba mai son karawa da shi. A 1985 ya shiga wata gasa a Houston ta Amurka da sunan aro, Cesar Morales, kuma ya lashe ta. Ɗalibina ya ce, “Ka gani, Mushe? Shi ma haka ya fara.” Gaskiya ne. Sai dai a 1999, da ya zama zakaran duniya a Cardiff, da sunansa na gaskiya ya yi wasa, duniya tana kallo. A 2006 ya ci dalar Amurka 500,000 a gasa ɗaya, nan ma da sunansa. Ya samu inda gwaninta ke biya a fili, sai ya daina ɓuya. Yaranmu ba su da irin wannan fage, kuma ba kowa ne Reyes ba.

Can ma inda fagen yake, ba su ɗauki faɗuwa da gangan da wasa ba. A 2013 hukumar sinuka ta duniya ta dakatar da Stephen Lee ɗan Ingila shekara 12 saboda sayar da wasa. A 2023 ta hukunta ƴan wasa goma ƴan ƙasar Sin, biyu daga cikinsu, Liang Wenbo da Li Hang, aka kore su har abada. Dalilin a fili yake: in mai kallo bai tabbata ɗan wasa yana yin iyakar ƙoƙarinsa ba, babu sauran abin kallo.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakarmu da Najeriya, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Zirga-zirga ta ragu, baƙi suka ja baya, hanyar Illela ta yi wuya. Ɗalibina ya rasa wanda zai ci. Wanda abincinsa ke hannun wanda bai san shi ba, ranar da aka bar shi da waɗanda suka san shi sai yunwa. Ya fara neman aiki.

Da kakar albasa ta zagayo, wani Alhaji mai sayen albasa ya same ni a gida. Yana neman yaro mai kai, wanda zai riƙe masa lissafin buhuna, ya kuma raka kaya har Gana. An ambata masa ɗalibina, an ce ni na koyar da shi.

Ya ce, “Malam, lissafi na ji ya iya. Amana nake tambayarka.”

Na yi shiru har ya lura. Na san halin da gidan su yaron ke ciki, na san wannan aikin zai iya raba shi da rumfa. Na kuma san dukiyar mutum ce za a ɗora a kan maganata. Na ce, “Alhaji, ban taɓa jin ya ɗauki kayan wani ba, kuma an shaide shi da biyan bashi. Amma yana wasan kuɗi, kuma na gan shi da idona yana faɗuwa da gangan don ya ja baƙo.”

Alhaji ya gyaɗa kai ya ce, “Wanda ya iya nuna ya faɗi alhali bai faɗi ba, zai iya ce mini buhu ashirin sun ruɓe a hanya, kuma in yarda.” Ya ɗauki wani.

Yaron ya yi wata huɗu ba ya gaishe ni. Mahaifiyarsa ta zo har makaranta, ta ce, “Mushe, da ka rufa masa asiri, ai ɗanka ne.” Ban iya ba ta amsa mai daɗi ba. Har yau ina juya maganar. Abin da na tsaya a kai shi ne, gaskiyar da na faɗa wa Alhaji ba ita ce laifina ba. Laifina shirun da na yi a rumfa, da barin maganar da na yi bayan hirarmu ta bakin hanya. Ban je wurin mahaifinsa ba, ban sake zama da shi ba, sai ranar da maganata za ta hana shi abinci na buɗe baki. Ya yi shekaru yana ɓoye sunansa na gwani don kada ya rasa jikka goma, bai san wani sunan na bin sa a gari ba, kuma mu da muka sani ba mu gaya masa ba.

Hukuncin caca a addini ba ɓoyayye ba ne, yana cikin Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida, kuma yaran nan sun sha jin sa a wa'azi. Abin da ba su cika ji daga gare mu ba shi ne yadda abin zai dawo musu a nan duniya: ranar neman aiki, ranar neman aure, ranar da za a tambayi maƙwabci ko malami halinsu. Mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa.

Sannan mu dubi kanmu. Uban da ɗansa ba ya aiki ya kawo masa jikka biyar, ya karɓa ya sa albarka bai tambayi daga ina ba, me ya koya masa? Malamin da ya kau da kai yara na satar amsa don a ce ajinsa ya ci jarrabawa, da wane baki zai yi wa ɗan rumfa faɗa? Mu ma muna fifita ci a kan suna, rumfarmu ce dabam.

Ba na cikin masu cewa a ƙone tebura. Yaron da ya iya auna inda ƙwallo za ta daki gefe ta dawo, ya riga ya fahimci darasin kusurwa da nake shan wahalar koyarwa a allo. Abin da ya rasa shi ne wurin da za a yaba masa a fili. Ku dubi kokowa. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, wadda Kantu na Maraɗi ya ɗauka, har zuwa zamanin Isaka Isaka na Doso, ɗan kokowa kirari yake yi, makaɗa na kiran sunansa da na garinsu. Akwai kuɗi a ciki, amma ta hanyar suna suke zuwa, shi ya sa ba ka ganin ɗan kokowa yana ɓoye ƙarfinsa.

Na yi magana da mai rumfar, ya yarda ya ba mu teburin ranar Lahadi da safe, lokacin da ba shi da ciniki. Sharaɗinmu uku ne: ba a sa ko dala, ba yaron da zai shiga sai da sanin mahaifinsa, kuma za a rubuta sunan kowa da sakamakonsa a allo a rataye. Wasu iyaye sun ce ina buɗe wa yara ƙofar caca ne, kuma ban raina tsoronsu ba. Amsata ita ce ƙofar a buɗe take tun tuni, da dare, ba tare da mu ba.

Ɗalibina yana kabu-kabu yanzu, kuma na ji bai bar rumfa ba. Kwanan baya ya tsaya ya gaishe ni, ya rage mini hanya. Da zan sauka na ce ina so ya zo ya koya wa ƙannensa riƙon sanda, ya kuma zama alƙalin wasan.

Ya ce, “Mushe, in na yi haka ai kowa zai san ni.”

Na ce, “Abin da nake so ke nan.”

Ya ce zai yi shawara. Ina jiran amsarsa. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu ikon yin magana a kan lokaci.