Kwana Huɗu a Bakin Tafkin Bosomtwe

Mu uku ne 'yan gida ɗaya a makarantar nan. Da aka ce kowane ɗan kulob ya kawo labarin hutunsa, sai muka ga gara mu haɗa namu wuri guda, tunda tare muka yi tafiyar, tare kuma muka tafka abin kunyar da za ku ji.

A Zangon Kumasi aka haife mu, a nan muka tashi, amma tafkin Bosomtwe a littafin labarin ƙasa kawai muka san shi, alhali tsakaninsa da gari kamar kilomita 30 ne. Iyayenmu mata ne suka fara maganar zuwa. Wata biyar suna zuba adashi, Baba da Kawu suka cike abin da ya rage. Kawu ya samo mana gidan haya kusa da ƙauyen Abono, mai ɗaki uku da falo da kicin da baranda tana kallon ruwa. Ba a nemi otal ba saboda mu goma sha ɗaya ne, kuma Kaka ba ta cin girkin waje. Aka biya rabin kuɗin haya kafin mu tashi, aka ba da kuɗin ajiya da za a mayar mana in ba mu fasa komai ba.

Muka ɗauki shatar ƙaramar bas, muka loda shinkafa da gawayi da tabarmi da butoci. Bayan mun wuce Kuntanase hanya ta hau tudu, sannan ta fara gangara tana lanƙwasa, har Inna ta rufe ido tana salati. Can sai ga ruwa a ƙasa, kewaye da tsaunuka kore shar, kamar an zuba shi a ƙwarya.

Ga masu shirin jarrabawa, ga abin da muka tabbatar da idonmu. Wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sararin sama shekara kamar miliyan 1 da suka wuce, ya haƙa rami, ruwan sama ya cika shi. Tsaunukan nan bakin ramin ne. Faɗin ruwan ya kai kilomita 8, zurfinsa a tsakiya kusan mita 80, kuma babu kogin da ke fita daga cikinsa. Ba kamar tafkin Bolta ba ne, wanda madatsar Akosombo ta tara. A shekarar 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kare halittunsu. Su kuwa Tonawa suna da nasu labarin: wai mafarauci ne ya biyo gada da ya harba, ta faɗa ruwan ta ɓace, daga nan sunan ya samo asali. Wuri ne mai alfarma a wurinsu, kuma a al'adarsu ta gargajiya ba a son ƙarfe ya taɓa ruwan. Shi ya sa masunta ke hawa wani dogon katako da suke kira padua, su zauna a kai ƙafafu a ruwa, suna tuƙi da hannu.

A kan katakon nan muka yi laifi. Ran kwana na biyu da safe muna zaune a bakin ruwa muna shan shayi, sai wani dattijo ya taho a kan nasa, da karfasa cike da kwando. Yayanmu ya ɗaga waya yana ɗaukarsa, ya ce da Hausa, “Ku dubi wannan, ko kuɗin kwalekwale ba shi da shi.” Muka kwashe da dariya. Ɗayanmu ya ɗauki gwangwanin madarar da muka gama da shi ya wurga cikin ruwa, ya faɗi dab da katakon. Ba za mu faɗi wanda ya wurga ba, don duk mun yi dariya.

Dattijon ya miƙa hannu ya tsamo gwangwanin. Da ya iso gaɓa ya ajiye shi a gabanmu, ya ce da Hausa tiryan-tiryan, “Yara, ku gai da mutanen gida.” Ya saɓi kwandonsa ya wuce. Ashe ya yi shekaru yana aiki a kasuwar Kumasi cikin Hausawa. Mun so ƙasa ta tsage mu shige.

Muka yi shawara mu yi shiru, amma ƙauye ba ya ɓoye magana. Da rana Inna ta je sayen kifi, matan suka ce ya ƙare, ga shi kuwa a faranti tana gani. Da yamma mai kula da gidan ya kira Baba gefe, ya ce magana ta kai wurin mai gida, kuma in haka za mu zauna gara mu tattara da safe. Adashin wata biyar ke nan zai tafi a banza saboda dariyar minti ɗaya.

Baba ya nemo bulala, Kaka ta hana. Bayan sallar isha ta zaunar da mu a baranda ta tambaye mu, “Me ake nufi da zango?” Muka ce unguwarmu. Ta ce a'a, zango masaukin fatake ne, inda ayari ke sauke kaya ya kwana. Ta ce kakanninmu fataucin goro ya kawo su ƙasar nan, da farko Salaga suke tsayawa, daga baya suka gangaro Kumasi, masu ƙasa suka ba su wurin zama. Ba su bi addinin masu gari ba, ba su kuma taɓa raina abin da masu gari ke girmamawa ba, da haka aka zauna lafiya har aka haife mu. Ta ce, “Kun biya kuɗin ɗaki ne, ba ku sayi garin ba. Baƙo raɓa ne, yau yana nan gobe ya tafi, amma abin da ya yi yana zama.”

Da gari ya waye ta ɗaure goro a ganye, ta sa mu gaba har ƙofar dattijon. Tana dogara sanda, ga hanya tudu, amma ta ƙi a bar ta a gida. Ta gaishe shi da Tonanci, ta ce, “Nana, na kawo maka jikokina, laifin tarbiyya nawa ne.” Wannan maganar ta fi mana bulala zafi. Muka durƙusa muka ba da haƙuri, yayanmu ya goge bidiyon a gabansa.

Dattijon ya karɓi goro, ya ce ya wuce. Sai ya ce da yayanmu ya zo ya gwada katakon a inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Sau uku yana hawa yana kifewa, yaran ƙauye suna ta shewa. Shi kuwa mutumin da muka yi wa dariya a kai yake jefa taru tun yana yaro. Ranar muka ci soyayyar karfasa, kuma kafin mu tafi mun tsince robobi da gwangwanaye buhu biyu a bakin ruwa, ba duka namu ba ne. Ranar komawa aka mayar wa Kawu kuɗin ajiyarsa cif.

Ga shawararmu ga duk wanda gidansu zai kama haya a irin wurin nan. A ga gidan ko a aika wani ya gani kafin a biya. A tafi da tocila da gidan sauro. Wanda bai iya iyo ba kada ya yi nisa da gaɓa, kuma kada a bar ƙananan yara su kaɗai a bakin ruwa. Kafin a kwance kaya a fara gai da maƙwabta, a tambayi abin da ba a yi a garin. Kada kuma a zaci ba mai jin Hausa.

Gwangwanin yana nan a kan tagar ɗakin Kaka, ta ƙi yarda a jefar. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.