Mangwaro a Tsakiyar Hunturu



A ƙarshen shekarar da ta wuce, mu uku aka ɗora wa nauyin abincin walimar rufe shekara ta ƙungiyarmu. Kuɗin da aka tara ba su taka kara sun karya ba, ga shi ana sa ran baƙi kusan 40. Da yake biyu daga cikinmu a Bompai muke aiki, ɗaya kuma a Sharaɗa, sai muka ce bari mu nemi abincin a kusa da mu.

Mun fara da wani gidan abinci na zamani. Aka miƙo mana takardar abincin biki mai ƙyalli, muka bi ta layi-layi har muka iso wajen kayan marmari: tuffa da inibi, an yayyanka a ɗan kofi. Da muka ga kuɗin kofi ɗaya, muka ninka shi sau 40, sai muka kalli juna muka yi shiru. Ba laifin masu gidan ba ne. Yawancin tuffar da ake sayarwa a Kano daga waje take zuwa, musamman Afirka ta Kudu. Sai ta hau jirgin ruwa zuwa Legas, sannan ta hau mota mai sanyi zuwa Arewa. Duk ranar da dala ta motsa, ita ma sai ta motsa.

Jiki a sanyaye muka koma rumfar da muka saba cin abincin rana, wajen wata dattijuwa da ma'aikata ke kira Hajiya. Ta daɗe a wurin, tun zamanin da masaƙun Bompai da Sharaɗa ke aiki dare da rana. Takan ce a lokacin kafin azahar tukunyarta ta ƙare. Da masaƙun suka yi ta rufewa ciniki ya ja baya, yanzu aikin biki da walima na watan Disamba ne ke ɗan tallafa mata. Muka zayyana mata damuwarmu.

Ta ajiye ludayi ta ce, "Yaran nan, kuna tsakiyar hunturu, me ya kai ku neman tuffa? Allah bai bar wata ko ɗaya babu abin marmarinsa ba. Gobe bayan asuba ku je 'Yan Lemo ku buɗe ido, in kun dawo ku biya Yankaba."

Muka ce, "To Hajiya, me za mu sayo?"

Ta ce, "Abin da kuka ga ya fi yawa a ƙasa. Shi ne na lokaci, shi ne mai araha, shi ne kuma mai daɗi."

Washegari muka shiga kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa, hazo ya rufe gari, leɓe duk ya tsage. Motocin lemon zaƙi daga Binuwai na ta sauke kaya, an tsiba shi tuli-tuli. Ga kankana ta noman rani, ga gwanda, ga agwaluma da ta fara shigowa daga Kudu. A Yankaba, kan titin Haɗeja, muka tarar da karas da kokwamba da tumatir sun cika kasuwa, domin a sanyi ne kayan lambu suka fi yin kyau, irin waɗanda ake nomawa a Kura da Kadawa da ruwan madatsar Tiga. A bakin hanya kuma muka ga tsofaffi mata da ƙoransu: magarya, kurna, kanya, aduwa, goruba, tsamiya sabuwar ɗiba, da 'ya'yan kuka. Kunya ta kama mu, domin a cikinmu akwai wanda ya kasa bambanta kurna da magarya sai da mai kayan ta nuna masa.

Ga yadda Hajiya ta tsara abincin. Da yake da yamma za a yi taron, kuma sanyi na sauka da wuri, ta ce kada a tari baƙo da abu mai ƙanƙara. Aka fara da shayin goruba mai zafi da citta da kanumfari. Bayan shinkafa da miya, aka kawo faranti na lemo da gwanda da kankana, an matsa lemon tsami a kai. Abin sha kuwa zoɓo ne na sabon girbi, da kwalba-da-nono na garin 'ya'yan kuka. A tsakiyar kowane teburi ta ajiye ɗan faifai da magarya da kanya da kurna. Kuɗin duka bai kai rabin abin da kofunan tuffa za su ci ba.

Abin da ya ba mu mamaki, faifan nan ne ya fi jan hira. Wani malaminmu ya ɗauki kanya ya daɗe yana kallon ta, ya ce rabonsa da ita tun yana makarantar allo. Kafin ka ce me, kowa ya shiga ba da labarin bishiyar garinsu da yadda aka sare ta aka yi gawayi ko aka yanka fili.

Sai aka zo karatun gajerun labarai. Ɗaya daga cikinmu ya karanta nasa, labarin soyayya ne mai daɗi, mu ukun nan duk mun duba masa shi kafin ranar. A ciki, budurwa ta fito da rigar sanyi, hazo ya rufe gari, saurayi ya tsinko mata nunannen mangwaro a bishiyar gidansu. Aka tafa. Hajiya tana gefe tana tattara kwanuka, sai muka ji ta yi dariya ƙasa-ƙasa. Da aka watse muka tambaye ta.

Ta ce, "Ba komai 'ya'yana. Na ji mangwaro ya nuna a hunturu ne. A lokacin nan ai fure yake yi. Sai zafi ya buɗe sannan a ci."

Mu uku mun karanta labarin nan, mun gyara waƙafi da aya, mun yi gardama a kan ƙa'idar rubutu, amma babu wanda ya ga mangwaron. Mun san sunayen abincin da muke gani a finafinan Indiya da na Turkiyya, muna cusa su a littattafanmu, amma ba mu san watan da magarya ke nuna ba. Mai karatu da ya tashi a ƙauye, ko uwa mai zuwa kasuwa, da zarar ya ci karo da irin wannan kuskure ya daina yarda da mu, ko da sauran labarin gaskiya ne.

Tun daga ranar muka fara lura da abin da ke gabanmu. A Sharaɗa, idan aka tashi daga aiki, masu baro na jere a bakin ƙofofin kamfanoni da rake da lemo ferarre. A Challawa, inda masana'antun jima suke, ma'aikatan dare kan fito da sassafe su yi layi wajen mai shayi da mai kunun tsamiya. A Bompai kuwa, watan Disamba ne 'yan'uwanmu Kirista ke shirin Kirsimeti, wasu na haramar tafiya gida, mu kuma bukukuwan aure sun yi yawa. Duk wannan kasuwa ce ga masu abinci, amma sau da yawa abin da ake ajiye wa baƙo lemon kwalba ne, alhali kayan lokaci na zube a kasuwa, wasu har suna ruɓewa.

Akwai wani dalili kuma da ya sa maganar ta shafe mu yanzu. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana 11 ko kusa da haka, shi ya sa azumi ke matsowa baya kowace shekara. A 2025 a farkon Maris aka ɗauke shi. Bisa lissafi, a 2030 zai zo sau biyu, a farkon Janairu da kuma ƙarshen Disamba. Rabon da a yi azumi a tsakiyar hunturu tun wajejen 1997 zuwa 2000, lokacin da yawancinmu ba a haife mu ba ko muna goye. Mu da muka tashi da azumin zafi, da ƙanƙara da mangwaro a faifan buɗa-baki, za mu ga azumi da Sallar da ba mu saba da su ba. Masu gidajen abinci za su sake tsarin abin da suke kawowa. Mu ma da muke rubuta labaran azumi dole mu san abin da za mu ɗora a kan tabarmar jarumanmu.

Saboda haka ga ɗan aikin da muka ba kanmu, muna kuma gayyatar ku. A wannan makon kowa ya tsaya wajen mai sayar da kayan marmari ɗaya a unguwarsu, ya sayi ko na naira ɗari ne, ya tambaye shi abu uku: daga ina kayan suke zuwa, a wane wata suke fara shigowa, a wane wata suke ɗaukewa. A rubuta a littafi. In muka yi haka wata 12, kowannenmu zai mallaki kalandar garinsu da babu ita a intanet.

Abokinmu dai ya gyara labarinsa. Yanzu saurayin magarya yake kawo wa budurwar, a ƙulle a gefen hankici. Mun kai wa Hajiya ya karanta mata, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce a ƙara masa nama ɗaya a shinkafarsa.

Allah Ya ƙara mana basira, Ya sa alƙalumanmu su amfani jama'a.