Ƙamshin Ɗoɗɗoya Daga Kasuwar Bode Zuwa Sabon Ibadan

A hunturun da ya wuce ƙanwata da ke aure a Sabon Ibadan ta kira ni, muryarta a sanyaye. "Yaya, tarin yarinyar nan ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, yau kwana huɗu." Washegari na bar Agege, na hau jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan, wanda aka ƙaddamar a hukumance a 2021. Cikin awa biyu da rabi ko makamancin haka muka sauka a tashar Moniya, daga nan ƙaramar tasi ƙirar Micra ta bi da mu ta Ojoo da Sango har Mokola. Hazo ya rufe garin, ba ka hango komai sai rufin kwano mai tsatsa yana hawa tudu yana gangarowa.

Sabo unguwa ce mai tarihi. Tun 1916 aka keɓe ta ga Hausawa fatake, waɗanda suka riƙe cinikin goro da na shanu tsakanin Kudu da Arewa. Har gobe in ka shigo, Hausa za ka ji ta ko'ina, ga 'yan canji, ga masu tsire. Abin da ya fara tarar hancina a gidan ƙanwata kuwa shi ne ƙamshin ɗoɗɗoya, wadda wasu ke kira daddoya. Wata ƙatuwa ce a tsohon bokiti a bakin rijiya, an tsige ta saura 'yan ganye. Da ita ake ta dafa wa 'yar ƙanwar tawa mai shekara biyu ruwan sha tun da tarin ya fara.

Da ganyen gida ya ƙare, maƙwabciyarsu Bayarabiya ta ce mu je kasuwar Bode, can wajen Molete, inda ta ce babu ganyen da za a nema a rasa. Ba ta yi ƙarya ba. Rumfuna ne jere, cike da saiwoyi da ɓawon itatuwa da busassun 'ya'yan itace, ga kwalaben jiƙon da suke kira agbo. Mafi yawan masu sayarwar mata ne, ana ce musu elewe omo, wato masu ganyen yara. Ɗoɗɗoya a bakinsu efirin ce. Inyamurai na ce mata nchanwu, kuma da wuya ka sha farfesu a Kudu ba ka ji ta a ciki ba. Irin tasu ta nan mai faɗin ganye ce, tana girma ta kai ƙirjin mutum, ƙamshinta kuma ya fi na ƙaramar ɗoɗɗoyar da muka saba gani a Arewa ƙarfi.

Wata dattijuwa muka tsaya wajenta. Ta murza ganye ɗaya ta miƙo mini, na shinshina, sai na ji kamar kanumfari. Akwai dalili. Man da ke cikin ganyen na ɗauke da sinadarin eugenol, wanda shi ne ke ba kanumfari ƙamshinsa, wasu nau'o'in kuma thymol ya fi yawa a cikinsu. A ɗakin gwaje-gwaje an ga sinadaran nan biyu suna hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Sai dai abin da ya faru a faifan gwaji daban, abin da kofin shayi zai yi a huhun yaro daban.

Kafin ta ɗaure mana ganyen, sai ta tambaya ta bakin maƙwabciyar: shekarar yarinyar nawa, tana cin abinci, yaya numfashinta? Na ce, "Iya, ban lura da numfashin ba." Ta girgiza kai. Ta ce efirin na mura ne da tarin sanyi, amma yaron da ke haki ko haƙarƙarinsa ke lotsawa ba nata ba ne, na likita ne. Na biya, na yi godiya, maganar kuma ta tsaya mini a rai har muka koma Sabo.

Da daddare, bayan yarinyar ta yi barci, na ɗaga rigarta na kunna agogon waya na ƙirga numfashinta na minti ɗaya cur. Na samu 48. Na sake, 47. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a fili take: jaririn da bai kai wata biyu ba, numfashi 60 ko fiye a minti ya yi sauri, daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50, daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Na ce wa ƙanwata ta ɗauko mayafi. Ta ce, "Yaya, mu bari ta sha na Bode ɗin mu gani zuwa safe mana." Na ce a'a, mijinta ma ya goyi bayana.

A asibitin da ke kusa likita ya saurari ƙirjinta ya ce nimoniya ce, ciwon huhun da muke kira sanyin haƙarƙari, amma an zo da wuri. Ya rubuta amoxicillin, ya ja kunnenmu cewa a shanye shi duka ko da ta warware. Zuwa kwana na uku zazzaɓin ya sauka, ta fara rigimar neman ƙosai. Alhamdulillahi.

Ban dawo daga Ibadan ina zargin ɗoɗɗoya ba. Laifinta bai wuce an ɗora mata kayan da ba nata ba. Ga babba ko yaron da ya tasa, mai mura da ƙaiƙayin maƙogwaro, a wanke ganye kamar cikin tafin hannu, a zuba a tafasasshen ruwa da ɗan citta, a rufe minti goma, a tace a sha da ɗumi. Ruwan ɗumin na sassauta majina, ƙamshin na sa a ji hanci ya buɗe, zuma kuma na rage tarin dare. Amma kada a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba zuma, kuma jaririn da bai kai wata shida ba nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ban da jiƙo kowane iri. Sirace ma a bar wa manya, domin tukunyar ruwan zafi a gaban ƙaramin yaro ƙuna take jawowa. Mai juna biyu ta tsaya ga ɗan abin da ake sa wa a miya. Mai asma kada ya ajiye abin shaƙarsa saboda ganye. Tarin da ya kai mako biyu kuwa, musamman da rama ko gumin dare, a je a yi gwajin tarin fuka, kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da ke kula da cutar.

Batun ƙarfafa garkuwar jiki da ake yawan jingina wa ganyen nan, a sa shi a abinci lafiya lau, domin ganye ne mai amfani kamar sauran ganyaye. Amma garkuwar da aka tabbatar tana kare huhun yaro ita ce rigakafi. Tun ƙarshen 2014 Najeriya ta fara shigar da allurar nimoniya cikin jerin rigakafin yara, ana yin ta a mako na 6 da na 10 da na 14. Da muka duba katin 'yar ƙanwata, ta farko kawai aka yi mata, sauran biyun tafiya gida ta sa an tsallake. Kafin in bar garin mun kai katin an duba abin da ya kamata a cike.

Ranar da zan koma, ƙanwata ta yi mana farfesun kayan ciki da ragowar ganyen Bode, ta watsa shi daf da saukewa yadda maƙwabciyarta ta koya mata, don kada ƙamshin ya gudu. Na karyo reshe biyu na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. Ba ta da wuyar dashe: a tsoma reshen a ruwa har ya fitar da saiwa, a mayar da shi ƙasa inda rana ke samu. Ɗaya ya bushe a hanya, ɗayan ya kama. Yana nan a barandata a Agege, ina tsinka in mura ta kama ni. Lissafin nan na 60 da 50 da 40 kuwa, na rubuta shi a takarda na manna a ƙofar firji, na kuma aika wa duk wata uwa da ke danginmu.