Kafin Ka Ɗauki Sandar Takai

Duk shekara idan ranar wasannin gargajiya ta matso, 'yan aji ɗaya ne kan gaba wajen rububin shiga rawar takai. Mu masu kula da su muna murna, amma gabanmu yakan faɗi. A takai ana yin da'ira ne, ka buga sandarka da ta na gabanka, ka juya ka tare ta na bayanka. Wanda ya saɓa wa kiɗa da taki ɗaya, sanda sai ta sauka masa a yatsa ko a goshi. Yatsa yakan warke. Ido kuwa ba a sayar da shi a kasuwar Illela.

Saboda haka ba mu ba sabon shiga sanda sai ya yi mako biyu da karan dawa. Yara sukan ɓata rai, wai kara na ƙanana ne. Su ɓata. Kara yana koya wa kunne bin ganga, in an yi kuskure kuma shi ke karyewa.

Idan lokacin sanda ya yi, kada tsawonta ya wuce na hannun mai ita. Mun fi son sabara ko geza, a kankare ɓawon, a goge ƙulle-ƙullen. Gora ba ta shiga filinmu, domin in ta tsage tana yanka kamar reza. A riƙe sanda daga gindi, a naɗe babban yatsa, kada a miƙe shi a jikinta.

Ba mu kaɗai ke wannan rawa ba. Dagomba na Tamale a Gana da sandunan ƙarfe suke nasu takai. A Ingila ma akwai rawar Moris, wadda aka ambata a rubuce tun 1448, ta sanduna da ƙararrawa a ƙwauri. Namu akayau yana bukatar tsumma a ƙarƙashinsa. In mai tsatsa ya yanki yaro, a wanke da sabulu, a kai shi asibiti don allurar sarƙewar haƙora.

A share fili daga tsidau da fasassun kwalabe, a yayyafa ruwa don ƙura. Zafin Afrilu a nan Amarawa yakan wuce digiri 40, don haka sai rana ta yi sanyi muke fita, da randar ruwa a gefe. Makaɗi kuma ya fara a hankali. Da an ji usur, kowa ya sauke sandarsa ƙasa.