Karen da duniya ta san sunansa, da mutanenmu da sunka zama adadi

Yau mun ɗan ajiye zancen farashin hatsi da na hanyoyi. Littattafai uku na karanta a watannin nan, sun bar mini wata tambaya da nake son mu duba tare.

Duk wanda ya yi lakkwal irin tamu, inda komai da Faransanci ake yin sa, ya san Alexandre Dumas. Tun muna koleji muke ba juna aron Les Trois Mousquetaires har bangonsa ya yage. Littafin ya fito a 1844, labarin kuwa na zamanin Sarki Louis na 13 ne da wazirinsa Richelieu: takubba, dawakai, makircin fada da abokai huɗu masu amana. D'Artagnan ma mutum ne na gaske, ya mutu a yaƙin Maastricht a 1673, sai dai Dumas ya ɗinka masa rigar da ta fi tasa ta asali kyau. Na sake karanta shi bana, kuma wallahi har yanzu yana hana barci. Amma wannan karon na lura da wani abu: mai ba ka labari shi ke zaɓa maka wanda za ka so. Kana karatu zuciyarka na bugawa saboda mutum huɗu, dogaran Richelieu da ake sokewa a hanya kuwa ko a jikinka. Yo ina za ka ji tausayinsu, ba a gaya maka suna da uwa ko ɗa ba?

Na biyun da Ingilishi yake, da ƙamus a gefe na lallaɓa shi. Sunansa No Ordinary Dog, wani tsohon sojan ruwan Amurka mai suna Will Chesney ya fitar da shi a 2020. Tarihin zamansa ne da karen yaƙinsa, Cairo, irin karnukan nan na Beljiyam da ake kira malinuwa. Aikin irin wannan kare shi ne ya shinshino nakiya ko mutumin da ya ɓuya, kuma sau da yawa shi ake fara turawa inda soja ke tsoron sa ƙafa. Ladarsa kuwa ƙwallon wasa ne da shafar kai. An harbi Cairo a Afganistan a 2009, likitoci sunka yi masa aiki ya tashi. A watan Mayun 2011 yana cikin rundunar da ta dira gidan Usama bin Ladan a Abbottabad, ƙasar Pakistan. A lokacin an ɓoye sunayen sojojin, amma na karen ya zagaya duniya. Daga baya shi Chesney ya ji raunin gurneti, ya koma gida da ciwon kai da rashin barci da ƙuncin rai. Ya yi ta faɗi-tashi har anka ba shi karen ya riƙe a gidansa, sunka yi jinyar juna har Cairo ya mutu a 2015.

Na san wani zai ce, haba malam, kare fa? A wurinmu in an ce maka kare, zagi ne. To amma ku tambayi mafarauci ko makiyayi, zai gaya muku abin da dabbar nan take yi wa mai ita. Ni dai da na kai wurin mutuwar Cairo, sai da na rufe littafin na ɗan yi shiru.

Kuma irin wannan labari yana da tasiri. A yaƙin Biyetnam Amurka ta yi aiki da karnuka kusan 4,000, wajen 200 kaɗai sunka bar ƙasar da yaƙi ya ƙare. A takarda kayan aiki ne su, kamar mota ko tanti, don haka wasu anka kashe su, wasu anka bar su can. Sojojin da sunka riƙe su ba su yi shiru ba, sun yi ta faɗa suna rubutawa. A shekara ta 2000 anka sa hannu kan dokar da ta ba da damar a ba mutane riƙon karen soja in ya gama aiki, maimakon a kashe shi.

Ga inda abin ya tsaya mini a rai. A irin waɗannan littattafai ana ɓalle ƙofofi da tsakar dare a ƙauyukan Afganistan da Iraƙi. Karen yana da suna, da halaye, da ranar da ya ji ciwo. Mutanen da ke bayan ƙofar kuwa, da mata da yaran da sunka farka cikin haushi da fitila, galibi wucewa ake yi ta kansu da jimla ɗaya. Amanar karen gaskiya ce, shi bai zaɓi yaƙin ba. Sai dai amanarsa ba ta gaya mana komai kan ko an yi wa mutanen gidan adalci.

Wannan ne ya mayar da ni ga na ukun, Sarraounia na Abdoulaye Mamani, ɗan ƙasarmu, wanda ya fito a 1980. Shi ma labarin tarihi ne mai yaƙi da jarunta, amma a nan mu ne ke bayan ƙofar. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar nan za ta tafkin Cadi, tana ƙone garuruwa. A watan Afrilu ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, can wajen Dogon Dutsi, a watan Mayu ta yi ɓarna mai muni a Birnin Konni. Da labarin ta'asar ya kai Paris, sai anka turo Kanal Klobb ya karɓi ragama. Voulet ya sa anka harbe shi ran 14 ga Yuli a Ɗankori, kusa da Tasawa. Kwana biyu zuwa uku bayan nan, sojojin baƙar fata na rundunar sunka juya wa Chanoine da Voulet bindiga.

Ku duba fa: Klobb mutum ɗaya ne, ga sunansa, ga rana, ga wuri. Mutanen Konni da na ƙauyukan da anka ƙone kuwa, a takardun Faransa adadi ne. Mamani ya yi aikin Dumas, amma ya juya akalar. Ya ba Sarauniya fuska da murya, ya sa mai karatu ya tsaya gefenta. Ya yi ƙari irin na marubuci, ba a musu, don ƙagaggen labari ya rubuta. Amma da littafin nan da fim ɗin da Med Hondo ya yi a 1986, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987, sunan Lugu ya isa inda bai taɓa zuwa ba.

Ina nan ina son Dumas, kuma labarin Cairo ya taɓa ni ƙwarai. Ku ma in kun samu ku karanta, kuna yi kuna tambayar kanku wane ne marubucin ya wuce bai ambata ba. Sannan akwai aikin da ya rage namu. A Konni, Tasawa, Maijirgi da ƙauyukan da rundunar ta bi, akwai tsofaffin da sunka ji labarin daga bakin kakanninsu: wa anka kashe, wa ya gudu, wace rijiya anka daina sha. Kowannenmu yana da waya mai ɗaukar murya a aljihu. In kun je gida, ku zauna da su, ku tambayi suna da sunan uba da sunan gari, ku ajiye. Mu kuma 'yan rediyo ga makirfo nan, a shirye muke mu sa jama'a su ji.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.