Hutun Maigida, Aikin Uwargida

'Yan'uwana mata, duk ranar da maigida ya shigo yana fara'a ya ce miki, "Ki shirya yara za mu je hutu," to ki fara tambayarsa, hutun wa? Ni dai ban tambaya ba, shi ya sa na sha.

A shekarar 2013 ne. Muna zaune a Samaru, maigida yana aiki a Jami'ar Ahmadu Bello. Jirgin ƙasa na Kano zuwa Ikko ya dawo aiki a ƙarshen 2012, sai Malam ya ce lallai sai yara sun ga teku. Yaran kuwa uku ne: ɗan fari, wanda kunya ba ta bari in kira sunansa, shekararsa shida, mai bi masa uku, sai auta 'yar wata takwas tana goye. Kwana biyu ina zirga-zirga kasuwar Sabon Gari, ina sayen garin kunu, kilishi, da ƙullin gishiri da sukari na kemis, shi kuwa jakarsa ɗaya da jarida.

Daga tashar Sabon Gari muka tashi. Kaduna, Minna, gadar Jebba a kan kogin Kwara, Ilori, Badun, fiye da kwana guda muna ciki. Gadar nan ma ban gan ta ba, ina canza wa auta ƙunzugu. Labari aka ba ni.

Can Ikko wani abokin Malam ya kwaɗaita masa Tarkwa Bay, wani tsibiri da ba mota ke zuwa ba, sai jirgin ruwa. Ni 'yar Zazzau, iyakar ruwan da na sani dam ɗin Kubanni! Da muka zo shiga aka miƙo rigunan kariya daga nutsewa, duk na manya. Na ce, "Malam, ita wannan ta bayana fa?" Ya ce, "Haba, ke dai kin cika tsoro, minti nawa ne?" Wallahi a nan na ƙi. Wata mata mai tallar kifi ce ta goya mini baya, ta ce in kwance goyon in rungume ta a gaba, don in jirgi ya kife da yaro ɗaure a baya, uwa ba ta iya kai masa hannu. Muka tsaya har aka samo ƙananan riguna na manyan biyu. Ta auta ba a samu ba, haka na ƙanƙame ta ina ta salati har muka sauka. Yau da za a maimaita, da ban shiga ba.

Wurin kam yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Yashi laushi kamar gari, iska tana kaɗawa. Malam ya miƙe a inuwa, barci ya kwashe shi. Ni kuwa ido ɗaya kan auta tana cusa yashi a baki, ɗaya kan masu gudu. Teku ba kogi ba ne, 'yar'uwa, igiya tana zuwa ta koma, in za ta koma sai ta zare yashin ƙarƙashin ƙafa. Ina juyawa in ɗauko ruwa, sai na ga mai shekara uku zaune daɓas cikin kumfa, ruwa yana jan ta. Ban san sa'ad da na ajiye goyo na finciko ta da ɗankwalina a hannu ba.

Ihuna ne ya tashe shi. Ya dube mu, jikinsa yana rawa, bai ce uffan ba. Da dare auta ta fara gudawa, shi da kansa ya tafasa ruwa lita ɗaya, ya bari ya huce, ya juye ƙullin nan, ya zauna yana ba ta da cokali har asuba. A hanyar dawowa ya karɓi goyon ya saɓa a kafaɗa, ya ce, "Ke matso taga." A ranar na ga gadar Jebba.